Turken da na binne a Gamkale

Ku samarin da ke aikin awon filaye yanzu, na ji abin da kuke faɗa game da mu. Wai shenar, mai jan sarƙar awo, ba ma'aikaci ba ne, jaki ne mai ƙafa biyu: ya ja sarƙa gaba, a ce tsaya, ya tsaya. Ɗayanku ya faɗi haka a gabana ranar wani suna a Lazare, bai san ko ni wane ne ba, har ya miƙe yana kwatanta tafiyar, mutane suna dariya. Ban tanka ba, don gidan mutane ne. Amma kwana uku abin yana cina, shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna. Karatuna bai wuce sartifika ba. In kun ga kuskure a rubutu ku gyara, amma abin da na faɗa a ciki haka ya faru.

Sunana Idi. Iyayena mutanen Maraɗi ne, amma a Yamai na tashi, unguwar Yantala. Na shiga biro, wato ofishin awon filaye, ana gab da samun mulkin kai, aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Sanda, wanda ya ja sarƙa tun Nasara suna zagaya ƙasa a kan doki. Ranar farko ya miƙo mini sarƙar, metir ashirin, ƙarfe zalla, ya ce in warware in naɗe. Na warware na naɗe. Ya ce in sake. Sati guda ban taka fili ba, ina tsakar biro ina naɗin sarƙa, masu wucewa suna dariya. Sai rana ta bakwai ya ɗago zobe ɗaya da ya hau kan ɗan'uwansa, ya kawo shi daidai hancina.

"Ka ga wannan? Yatsa ɗaya ya ci. Ka ja sau hamsin da shi haka, ka cinye wa wani bawan Allah wurin randarsa da murhunsa. Kuma ba zai san kai ne ba. Allah ne zai sani."

Bayan sarƙa sai tsinkaye na ƙarfe, goma sha ɗaya. Na gaba yana soka ɗaya a ƙarshen kowane ja, na baya yana tsincewa. In goma suka taru a hannun na baya, an yi metir ɗari biyu ke nan. Tsinke ɗaya ya faɗi cikin ciyawa ba ka lura ba, metir ashirin sun ɓace daga duniya. Ni sau uku nake duba nawa, wani lokaci huɗu, har abokan aiki suka sa mini suna Sake-Duba. Ban damu ba. Sai jalon, sandar nan mai ja da fari, wadda ake riƙewa da yatsa biyu don ta tsaya da nauyinta. Ka damƙe ta da hannu duka, za ta karkata ba ka sani ba. Da azahar sarƙa tana zafi kamar daga maƙera aka ciro ta, kuma ba a sa tsumma, don tsumma yana sa hannu ya zame. Kowace Litinin ina shafe ta da mai, in shimfiɗa ta a barandar biro tsakanin ƙusoshi biyu da aka kafa cikin siminti, in ga ko ta miƙe ko ta ragu. Wane jaki kuka taɓa gani yana wannan?

Masu filaye kuma kowa da irin tasa. Da sun hango mu sai fura ta fito, da goro, wani har da kaza a ɗaure. Ana cikin gaisuwa za ka ji an raɗa maka, "Malam Idi, in ka matsa taki ɗaya, wa zai sani?" Shi ya sa ba na shan ko ruwan mai fili sai na dasa dutse na gama. Dutsen nan shi muke kira born, na siminti ne, mai kusurwa huɗu. Jomatir ne mai lissafi da sa hannu, amma shenar ne ke haƙa rami ya dasa. In dutse ya zauna daidai, sunan jomatir ake kira. In ya kauce, sai a tuna akwai shenar.

Shekara ta uku bayan mulkin kai, kafin ruwa ya sauka, aka tura mu Gamkale mu auna garake. Baba Sanda ya riga ya koma ƙauye da ciwon ƙafa, ni ne na gaba. Cikin garaken akwai ta wata tsohuwa, Inna Hassu, mutuniyar Tawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fangalin salati da yalo, da mangwaro ɗaya, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Garkar tana da ɗan nisa da kogi, in ba rijiyar nan ba, ba abin da zai tsira a wurin. Filin da ke gabas da ita wani Alhaji mai motocin kaya ne ya saye shi. Na dasa born ɗin da ya raba su taki huɗu gabas da rijiya, wato rijiya ta faɗa wajen Inna Hassu. Tana tsaye ta ga na gama, ta ce, "To ɗana, yanzu ka sha ruwan?" Na sha.

Daminar shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Jan ruwan kogi ya hau garake, ya kwanta sati biyu, ya bar laka. A biro ma rufi ya zuba, kuma daidai kan inda ake ajiye karnen awo, wato ƙananan littattafan da jomatir ke rubuta lissafi a fili. Na Gamkale ya zama kunu. Jomatir ɗinmu, wanda muke ce wa shef, bai ce a sake awo ba. Da ƙasa ta bushe ya shiga mota shi da direba, ya duba inda duwatsu suke, ya dawo ya zana taswira a kan abin da ya gani, ya sa hannu, aka buga hatimi.

Ba a daɗe ba Inna Hassu ta zo biro da ƙafa, ta tsaya a baranda tana cigiyar "yaron nan da ya ƙi shan ruwa". Alhaji ya kewaye rijiya da ƙaya. Aka je da ni. Born yana nan tsaye, amma taki uku yamma da rijiya. Na zagaya shi sau biyu. Kamata ya yi in yi shiru sai mun koma biro, na sani. Amma bakina ya riga ni, a gaban Alhaji da mutanensa da masu garake na ce, "Shef, ba nan na dasa shi ba."

Sai da muka shiga mota shef ya juyo gare ni.

"Kai wane ne?"

"Shenar ne, shef."

"Shenar yana da hannu da ƙafa. Yaushe aka ba shi baki? Takarda mai hatimi ta ce nan, kai ka ce can. Ko dai tun farko a nan ka dasa ka yi wa tsohuwa ƙarya, ko kuwa yanzu kake ƙarya. Zaɓi ɗaya in rubuta."

Ban zaɓa ba. Aka karɓe sarƙa daga hannuna, aka ce ƙarshen wata za a duba maganata, kowa kuma ya san me ake nufi. Wanda ya riƙe mini bayan sarƙa ranar da na dasa born ya ce shi bai tuna komi ba. Ƴaƴansa shida, ban riƙe shi a rai ba. Abin da ya fi cina shi ne ni kaina na fara shakka. Ko na ɓata awo? Ko gabas da yamma ne suka juye mini? Ina cin tuwo ina auna taki a zuciya. Ban ga wanda ya tumɓuke born da idona ba, kuma har yau ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na sani, ruwa yana kayar da dutse, amma ba ya ɗaga shi ya tsallake rijiya ya dasa shi a tsaye.

A cikin wannan watan aka kawo baƙo daga Jamus, wani tsoho dogo, wai zai ba da shawara kan tsara sababbin unguwanni. An ce ya daɗe yana magajin wani gari a ƙasarsu, sai ƴan biro suka sa masa Magaji. Rana tana mai da shi ja kamar tattasai, don haka ana neman mai riƙe masa laima da butar ruwa. Shef ya ce, "Ga Idi nan, ba ya komi." Shekara huɗu ina jan sarƙa, aka mai da ni mai riƙon laima.

Faransancinsa mai nauyi ne, nawa na lakwal ne, wato makaranta, amma mun fahimci juna. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ce mini Mushe Idi, irin kiran girmamawa na Faransanci. Kaɗan-kaɗan, muna tafe, na ji tarihinsa. Lauya ne a garinsu kafin babban yaƙi. Ya tsaya wa wasu mutane da gwamnatin lokacin ba ta so a tsaya musu, aka karɓe masa takardar aiki, ya yi shekaru yana rubuta wasiƙu a shagon surukinsa mai sayar da katako. Da yaƙi ya ƙare, sojojin da suka ci ƙasar suka shiga neman wanda bai yi wa waccan gwamnati aiki ba. Suka same shi yana kwasar tubali a kan hanya, suka ce daga yau kai ne magajin gari. "Gari kuwa babu shi," in ji shi. Jirage sun rushe gidaje, gidan ajiye takardun filaye ya ƙone ƙurmus. Teburinsa ƙyaure ne da aka ɗora bisa ganguna biyu. Kullum mutum biyu za su zo su nuna tsibin tubali ɗaya, kowa ya ce nan gidan ubansa yake, kuma shi zai raba. Daga baya mutane suka zaɓe shi da ƙuri'a, ya daɗe yana riƙe da garin har aka sake gina shi, sannan suka kayar da shi saboda ya ƙi a fitar da hanyar mota ta tsakiyar tsohuwar kasuwa. Wannan duka daga bakinsa na ji, ban je Jamus na bincika ba.

Kwana na huɗu muna zaune ƙarƙashin wata bedi ana jiran mota, sai ya kama hannuna ya juya tafin.

"Wannan kantar ba ta laima ba ce. Me ka yi?"

Na gaya masa. Na ɗauka zai girgiza kai ya wuce. Sai ya fiddo ɗan littafi ya ce in faɗa masa yadda nake dasa born, daga farko, kada in tsallake komi. Na faɗa. Ya ce in sake. A karo na uku raina ya fara ɓaci, don na ga tambayar ɓarawo yake mini.

"Ka ce kafin dutse ya zo, turken itace kake kafawa a wurin. In dutse ya zo, ina turken yake zuwa?"

"Wasu suna cirewa su mayar biro."

"Ban tambaye ka wasu ba, Mushe Idi."

Na ji kunya, don abu ne da nake ɓoyewa. Ni ba na cirewa. Tsoro nake ji in na cire wurin zai kuɓuce mini, ko da yatsa ɗaya ne. Sai in haƙa rami kewaye da turken, in buga shi da guduma ya nutse ƙasan ramin, in ɗora born daidai bisa kansa. Kuma don tsoron gara, ina tsoma kowane turke cikin baƙin man mota kafin in fita da shi. Shef ya sha faɗa turaku suna ƙarewa, ban taɓa cewa ni ne ba.

Tsohon ya rufe littafinsa. "To kana da shaida. Yana kwance cikin ƙasa tun kafin damina, ba wanda ya kira shi."

Ni ba murna na yi ba. In aka haƙa ba a samu ba fa? In gara ta ci duk da man? Ya ce shi baƙo ne, ba shi da ikon sa kowa ya haƙa komi, kuma ba zai yi mini alkawari ba. "Amma jibi an rubuta za a kai ni in ga garake. Tsoho yana da damar ya gaji ya zauna inda ya ga dama."

Ranar, da hantsi, muka isa Gamkale da mota biyu, da darektan babban biro, da shef. Mai unguwa da dattawansa suka tarye mu da fofo, gaisuwar Zabarmawa. Da muka zo shingen Alhaji sai Magaji ya ce ƙafarsa ta gaji. Inna Hassu ta kife masa bokiti ya zauna. Ya nuna born da sandarsa, ya ce cikin ladabi yana so ya ga yadda ake dasa dutse a ƙasar nan, ko za a ɗaga masa wannan ya ga ƙasansa? Shef ya ce rana tana yi, akwai sauran wurare. Darekta ya ce, "Baƙo ya roƙa." Aka karɓi laima daga hannuna, wani mai garka ya ara mini dagi.

Na ɗaga born. Ƙasansa babu komi, ramin ma bai kai rabin wanda nake haƙawa ba. Alhaji, wanda aka kira daga gida, ya iso yana gyara riga.

"To? Ƙasa ce a ƙarƙashin dutse. Da me kuke so ku gani, zinariya?"

Mutanensa suka yi dariya. Magaji ya jira suka gama, sannan ya ce da darekta, "Mushe Idi ya ce yana barin turke a ƙarƙashin kowane dutse. Nan babu. Ko dai ƙarya yake, ko turken yana wani wuri. Ni lauya ne, ba na iya tafiya ban san wanne ba."

Shef ya yi mini wani kallo da har yau ina tunawa. Na auna taki huɗu gabas da bakin rijiya, na haƙa. Laka, sannan yashi, babu komi. Na matsa kamu ɗaya na sake. Babu. Gumi yana shiga idona. Shef ya duba agogo ya raɗa wa darekta wani abu. Alhaji ya ce, "Ku bar shi, rijiya ta biyu yake haƙa mini, na gode."

Inna Hassu ce ta matso.

"Kai ɗana, daga ina kake aunawa? Bakin rijiyar nan ba shi ne na da ba, ruwa ya ci gefen nan aka sake ɗaurewa. Duba nan. A kan saiwar mangwaron nan na tsaya na miƙa maka ƙwarya, kana durƙushe ka karɓa, ba ka tashi ba."

Ta hau saiwar ta miƙa hannu. Na durƙusa inda hannunta ya kai, na haƙa. Lakar da ruwa ya bari ta kai kamu guda, sai da na zurfafa sosai. Can dagi ya bugi wani abu, ba ƙarar dutse ba. Na ajiye shi na sa yatsu. Kan turke ne, baƙi, da ƙusar da nake bugawa a tsakiya, yana warin man mota.

Magaji ya tashi daga bokiti da ƙyar, ya durƙusa cikin laka da farin wandonsa, ya taɓa ƙusar, ya shinshina yatsansa, ya miƙa wa darekta yatsan shi ma ya shinshina. Mai unguwa ya faɗa wa dattawa da Zabarmanci, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Inna Hassu ta sauko daga saiwa ta juya.

"Alhaji, ga zinariyar. A kwashe mini ƙayar nan kafin la'asar, salati yana jin ƙishi."

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Ikon Allah! Ruwa ba abin da ba ya yi." Kuma duk manyan nan da ke tsaye, masu karatu a ƙasar waje, babu wanda ya ce masa a'a.

Na mayar da born bisa turkensa da hannuna. Aka sake zana taswira ba tare da hayaniya ba, rijiya ta koma wa mai ita, aka mayar mini da sarƙata. Kada ku ɗauka an ba ni haƙuri. Ba wanda ya tambayi yadda dutse ya tsallake rijiya, ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka zana taswira ba awo. Abin da ya fito shi ne takarda a allon biro: an hana binne turaku, ɓarnar kayan gwamnati ce. A dosiyena kuma, wato takardun aikina, shef ya rubuta cewa ni mai yawan magana ne a gaban jama'a. Magana ɗaya na yi, kuma gaskiya ce. Wannan layin ya bi ni har na ajiye aiki. Waɗanda na koya wa riƙon jalon sun zama shugabannina, ni ina nan shenar.

Ranar da Magaji zai tafi na riƙe masa laima har bakin mota, na gaya masa takardar da aka manna. Ya faɗi wani abu da Jamusanci wanda ban nemi fassararsa ba. Sannan ya ce a ƙasarsu akwai dattawa rantsattsu da ke binne gawayi da fasassun kwalabe a ƙarƙashin dutsen iyaka, su jera su yadda su kaɗai suka sani, kowa ya faɗa wa wanda zai gaje shi a kunne. Da takardun garinsa suka ƙone, dattawan nan ya bi, suna tono yana rubutawa, a gonakin bayan gari inda za a gina wa mutane sababbin gidaje.

"Gawayi ba kayan gwamnati ba ne, Mushe Idi. Kuma gara ba ta cinsa."

Ya shiga mota. Ban sake jin labarinsa ba.

Tun daga ranar, duk born da na dasa, daga Yantala har Lazare tun tana daji, akwai gawayi da kwalba a ƙasansa. Daga murhun matata nake ɗiba, ta yi ta mita shekara da shekaru, ba ta san inda yake zuwa ba. Na daɗe ina juya abin a raina ko in rubuta wannan, don masu tumɓuke dutse ma sun iya karatu. Daga baya na ga ba laifi su sani. Su tona, su kwashe, su kai inda suke so su binne. Guda nawa ne a kowane rami, kuma wanne ke fuskantar ina, wannan ba zan rubuta ba.